Zakaran Tukuici

Mijina mawaƙi ne, kuma tun da na aure shi ban taɓa jin ya kama sunan mutum a waƙa ba. Ba ya yabo, ba ya zambo. Zai yi waƙa a kan famfon da aka buɗe da tafi da ɗaukar hoto amma bai taɓa ɗigar da ruwa ba, ko a kan 'yan fansho da ke faɗuwa a layi. Kowa a wurin ya san da wa ake, har wanda ake da shi ɗin ya sani, amma suna ba zai fito daga bakinsa ba. Da gurmi yake waƙa, ɗan abin kiɗan nan mai tsirkiya biyu, ga 'yan amshinsa da mai kalangu, sai maƙwabcinmu ɗan Filato da ya koyi jita a coci yana dafa musu baya. Ni ma a nan ba zan kama sunan kowa ba. Zama da shi ne ya koya mini, don ni a halina na asali, a rumfata ta atamfa a kasuwar Wuse, wanda ya taka ni da sunansa da na unguwarsu nake kiransa.

Waƙar da ta fito da shi ita ce ta rusau. A lokacin muna zaune a wata unguwa gefen hanyar filin jirgi, a ɗan gidanmu na kanmu. Wata safiya muka tashi muka ga jan fenti a bango, kafin damina ta ƙare katafila ta iso. Ina tsaye da tukunya a hannu na ga rufin ɗakina ya durƙusa. Aka ce fili na gwamnati ne, aikin jama'a za a yi. Aikin jama'ar da muka gani daga baya shi ne wani dogon bene na shaguna, mallakar wani attajiri ɗan siyasa. Mu kuwa muka kwashi komatsanmu muka nufi Kuje muka kama haya, mu da maƙwabcinmu mai jita da matarsa Maman 'yan biyu, wadda shagonta na kayan masarufi ya tafi a rusau ɗin da firiza da komai.

A ɗakin hayar nan ya yi waƙar. Amshinta gajere ne, wai katafila ba ta da gida, shi ya sa ba ta san ɗaki ba. Ba a jima ba ta cika gari. In ka shiga tasi kore da fari daga Wuse zuwa Garki, da wuya ka sauka ba ka ji ta ba. Sau da dama aka gayyace shi abin da suke kira tattaunawa, wata tattaunawar har sai da na gaji da kai masa abinci a kwano. Da suka ga tsoro bai yi aiki ba, sai aka koma kyauta. An aiko da ambulan, an aiko da makullin mota, an aiko da kujerar Makka. Duk ya mayar. Kujerar Makkan nan kam ta yi mini ciwo, na daɗe ina dangwarar masa da kwanon tuwo a gabansa. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiyar gobe. In na karɓa, da wane bakin zan yi waƙa?"

Gaskiyarsa ce, kuma na san gaskiyarsa ce. Mutanen da ke sauraronsa ba don muryarsa ta fi ta kowa daɗi suke sauraronsa ba, tsakani da Allah akwai waɗanda suka fi shi murya. Suna sauraronsa ne don sun tabbata ba wanda ya saya. Wannan shi ne jarinsa gaba ɗaya, kuma ni 'yar kasuwa ce, na san yadda ake tattalin jari. Saboda haka na kafa doka a gidana, har yara suka haddace: baƙo in ya zo da kaya, a ba shi ruwa ya sha, a ce maigida ba ya nan, kada a taɓa ko igiyar da aka ɗaure kayan.

Mutum ɗaya ce ban koya wa dokar ba, don ba a koya wa suruka doka. Ita ce Inna, mahaifiyarsa, wadda ta dawo wurinmu da zama bayan ƙafa ta fara damunta. Ta zo daga ƙauye da akwatinta na ƙarfe da tabarmarta da wani jan zakara a cikin kwando, wanda ta rungumo a cinya tun daga tasha. Marigayi mijinta makaɗin mahauta ne, da kalangu ya ci ya sha ya aurar da 'ya'ya. A wurin Inna, makaɗi na ƙwarai shi ne wanda ake yi wa kyauta. Tana yawan ba ni labarin ranar da sarkin pawa ya aiko wa mijinta da ɗan maraƙi, yadda unguwa ta fito kallo, da yadda ya kwana uku bai ajiye kalangu ba saboda godiya. Game da ɗanta kuwa, abin yana damunta ƙwarai. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce yaron nan. Takan ce mini, "'Yar nan, ana ta cewa yaron nan ya yi suna. Wane irin suna ne wannan da ko akuya ba a taɓa ɗaurewa a ƙofarsa ba?" Ni dai sai in sunkuyar da kai in ce Allah ya kawo, Inna.

To, ana dab da Babbar Sallah aka kawo. Ina rumfa, ciniki ya yi zafi, mata sun yi mini caa a kan leshi, sai wayata ta yi ƙara. Maman 'yan biyu ce. Ta ce, "Madam, ki zo gida yanzu-yanzu. An kawo saniya, kuma Mama ya karɓa."

Ban gama tattara kaya ba maƙwabciyar rumfata ta miƙo mini wayarta tana wani murmushi da ban so ba. Bidiyo ne. Ga ƙofar gidanmu, ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya, ga farin sa mai ƙaton tozo, ga Inna riƙe da igiya tana zuba addu'a da sunan mai benen nan, Allah ya ƙara girma, Allah ya kai shi inda bai zata ba. A gefe direban na tsaye yana dariya da jan zakara a hammata. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa mawaƙin rusau ya karɓi goron Sallah. Kafin in fita daga layinmu na ji wata tana cewa, "Hajiya, a ajiye mana kai da ƙafa." Na juya na ba ta amsar da ta dace da ita, na kama hanyar gida.

Na tarar da san ɗaure a gindin mangwaro yana tuƙa hankalinsa kwance. Inna ta ɗaura zaninta na fita unguwa, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana kallonsa, fuskarta cike da haske irin wanda ban taɓa gani ba. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "Kin gani ko, 'yar nan? Yau yaron nan ya gaji ubansa. Na duba ɗan abin da ke bakin zanina na ga bai kai tukuicin sa ba, sai na kama zakarana na ba ɗan aiken. Ba za a ce gidan makaɗa ba a san tukuici ba."

Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san tukuici, ɗan abin da ake ba wanda ya kawo kyauta. Amma Inna ta san nauyinsa fiye da mu. A wurinta shi ne shaida. In an miƙa shi, magana ta ƙare, kyauta ta zama taka, kai kuma ka zama na mai kyauta.

Da la'asar maigidan ya dawo daga sitidiyo a Garki. Ya riga ya ga bidiyon, na gani a tafiyarsa. Bai kalli san ba. Ya cire takalmi ya tsuguna nesa kaɗan da ita.

Ya ce, "Inna, da kin jira ni."

"In jira ka, in bar baƙo tsaye a rana da dabba? An karɓa, an ba da tukuici, an yi addu'a. Saura naka. Makaɗi ba ya godiya da fatar baki, da waƙa yake yi."

"Inna, mutumin nan yana cikin waɗanda suka cinye unguwarmu."

"Gwamnati ce ta rushe muku gida, kai da bakinka ka faɗa mini. Gwamnati kuma ba ta da sa. Ubanka ya yi wa mahauta kiɗa har ya mutu, duk waliyyai ne?"

"Mayarwa za a yi, Inna."

Ta gyara zama a kujerarta. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Abin da na karɓa da hannuna? Duniya ta ga uwarsa ta karɓa, shi ya ƙwace ya mayar? To ka mayar. In motar ta zo ka haɗa ni da akwatina, ta sauke ni a tasha."

Ya tashi ya shiga falo, ya ɗauki gurminsa ya rataye a ƙusar da muke rataye kalanda. Na bi shi ciki raina a ɓace, na ce ya sa a kwance dabbar nan tun kafin magariba, Inna za ta yi fushi ta huce. Ya ce, "Ba za ta huce ba, kin san ta. Ba zan kunyata ta a bainar jama'a ba. Kuma ba zan yi wa mutumin nan waƙa ba. In san nan ya kai Sallah a gidan nan, ko ban ci ko tsoka ɗaya ba, wa zai yarda? Gara in ajiye gurmin da kaina kafin a ce mini in ajiye."

Na ji tsoro a ranar, kuma ba na cikin masu saurin tsoro. Lokacin da ake tsare shi ban ji irin wannan ba, don na san zai fito ya ci gaba. Wannan karon ba wanda ya tsare shi, yana zaune a falonsa, amma waƙar ce ke shirin mutuwa a gabana.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. 'Yan amshi da suke cika mana tsakar gida da yamma suka ɗauke ƙafa, wannan ya ce mura, wancan ya ce tafiya ta kama shi. Masu shirya wasan Sallah na mutanen tsohuwar unguwarmu suka bugo suka ce a ɗan dakata tukuna. Na shiga tasi wata safiya, waƙar katafila ta fara, direban ya yi tsaki ya canza, ya ce duk bakinsu ɗaya, farashi ne kawai ya bambanta. Bai san ko ni wace ce ba. Na biya shi na sauka tun ban kai ba. San kuwa sai ƙiba yake, Inna na ba shi dusa da kanwa da hannunta.

Ni ba zan iya yi wa surukata gardama ba, ko da ina da gaskiya. Abin da na iya shi ne na ƙi gaya wa Maman 'yan biyu ta yi haƙuri. Da ma kullum da hantsi takan shigo su zauna da Inna suna tsinke zogale suna hira, ɗaya da Hausar ƙauye, ɗaya da Hausar Abuja, suna dariyar juna. Tun ranar da aka kawo san ba ta sake leƙowa ba. Inna ta lura, ta tambaye ni, na ce ban sani ba, Inna, ko a kira ta? Ta ce a kira ta.

Ta shigo ta gaishe ta a tsaye. Inna ta ce, "Me na yi miki, 'yata, kika yanke ni?"

Maman 'yan biyu ta nuna gindin mangwaro da baki. Ta ce, "Mama, sori fa, amma ba na iya zauna ina kallon shi. Wannan saniya da kin ɗaure, shi ne shago na. Shi ne firiza na. Shi ne makaranta da yarana sun bari. Oga da ya aiko shi, shi ne ya gina a kan gidan mu, da gidan ku." Ta share ido da gefen zani ta fita.

Inna ta juya ta dubi san. Ranar ba ta kai wa san dusa ba, sai ta sa ni na kai. Washegari da sassafe na fito na same ta da mayafi, sandarta a hannu. Ta ce, "'Yar nan, kai ni tsohon gidanku."

Sau ɗaya Inna ta taɓa zama a gidan nan, lokacin da na haifi 'yata ta fari ta zo yi mini wankan jego. Ita ta wanke mabiyiya ta binne a bayan ɗakina, ta dasa zogale a wurin don kada a manta. Lokacin rusau tana ƙauye, labari kawai ta ji.

Muka ɗauki tasi. Da muka sauka ta tsaya tana kallon benen, gilasai na walƙiya, an shimfiɗe ƙasa da siminti, motoci a jere. Na ɗauka ba za ta gane komai ba, don ni kaina sai na yi da gaske. Sai ta juya ta nemi dutsen da ke bayan unguwar, wanda shi kam ba a iya rushe shi ba. Ta daidaita da shi, ta duba gabas, ta fara takawa da sandarta a hankali, ina biye. Ta wuce masu gadi ba ta ko kalle su ba, ta zagaya bayan benen, ta tsaya a gaban wani ƙaton janareta da ke ruri a cikin keji na ƙarfe, baƙin mai ya jiƙe ƙasa kewaye da shi.

Ta ce, "Nan ne."

Na ce nan ne, Inna.

Ta daɗe a tsaye. Da ta juyo sai idonta ya faɗa kan farar motar nan mai buɗaɗɗen baya, tana ajiye a inuwa, direban na goge ta da tsumma. Shi ma ya gane ta, ya taho da fara'a yana cewa Mama, ya saniya? Ta bari ya gama gaisuwa tsaf, sannan ta ce, "Ɗana, ina zakarana?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ta ce, "Gobe war haka zan kawo muku sanku nan. Kai kuma ka zo mini da zakarana."

"Haba Mama, abeg. Ba a yin haka. Oga zai yi fushi."

"Ba kai ka yi laifi ba, aike aka yi ka. Gobe war haka."

A hanya na tambaye ta, na ce Inna, ni ban taɓa jin an karɓi tukuici bayan an bayar ba. Ta ce ita ma ba ta taɓa ji ba, don a garinsu ba a taɓa mayar da kyauta ba balle a san yadda ake yi. Amma muddin zakaran na hannunsu, to an karɓa ke nan, ko da san ya koma garkensu. Sai an dawo mata da abinta za ta iya cewa ba ta karɓa ba.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke kiwo a bayan gari, matansa ne ke kawo mana nono, muna ce masa Baffa. Shi ya zo da asuba ya lallaɓa san ya hau a-kori-kura, yana ta cewa kai, dabba mai kyau, dabba mai kyau, kamar zai yi hawaye. Maigidan ya fito ya sa hula zai bi mu. Inna ta ɗaga masa sanda. Ta ce, "Koma. Ba kai ka karɓa ba." Ta shiga gaba da tabarmarta, ni da Maman 'yan biyu muka matsu kusa da ita, Baffa na baya riƙe da igiya.

Da muka isa ta sa aka sauke san, ta karɓi igiyar da hannunta, ta ja shi har kejin janaretan nan ta ɗaure a jikin ƙarfe. Ta shimfiɗa tabarma ta zauna ta miƙe ƙafa. Masu gadi suka zo, suka ga tsohuwa ce, suka rasa ta inda za su fara. Wani mai kwat da ke kula da benen ya sauko yana magana da Turanci, na ba shi amsa da Turancin kasuwa, wanda ya fi nasa kaifi. Masu shaguna suka fito, masu sayayya suka tsaya, wayoyi suka tashi sama. Wannan karon ban damu da a ɗauka ba, har gyara wa Inna mayafi na yi.

Direban ya zo hannu wofi. Ya tsuguna ya ce zai ba ta kuɗin zakara. Ta ce ba sayarwa ta yi ba. Mai kwat ya aika aka sayo wani jibgegen zakara fari, aka ajiye a gabanta. Ta kalle shi ta ce, "Nawa ja ne, kuma yatsarsa ɗaya ta hagu a karye take. Ina nan, ba sauri nake ba."

Rana ta take. Na sayo mata ruwa, ta sha, ta yi alwala da sauran, ta yi azahar a wurin, janareta na ruri a bayanta. San ya yi kashi a kan simintinsu mai tsada, Baffa ya ce lafiyar dabba ke nan. Daga ƙarshe direban ya hau babur ya tafi unguwarsu. Ashe matarsa ta ɗaure zakaran tana jiran Sallah. Ya dawo da shi a hammata, gumi na zuba, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta duba yatsar, ta gyaɗa kai. Sannan ta ce in miƙo ledar da ta sa na taho da ita daga rumfa, turmin atamfa ne mai kyau. Ta ba shi ta ce, "Ka kai wa matarka. Wannan ba tukuici ba ne, kyauta ce daga ni zuwa ita, kuma ba waƙa a kanta." Mutanen da ke wurin suka yi dariya, shi ma ya yi, duk da na ga hankalinsa na wurin ogansa. Daga baya na ji bai rasa aikinsa ba, na kuma yi murna da haka.

Inna ta naɗe tabarmarta, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji, ta ce, "Ni na karɓa ban sani ba, ni na mayar da sanina. Ku gaya wa mai sa ba ya bin gidanmu waƙa." Muka hau motarmu muka juya Kuje, zakara a cinyarta.

Mun tarar da maigidan a tsakar gida, da mai jita, da biyu daga cikin 'yan amshin da murarsu ta warke farat ɗaya, don sabon bidiyon ya riga mu isowa. Na kalle su na ce sannunku da jiki. Inna ta saki zakaran ya yi fiffike ya nufi gindin mangwaro. Ba ta zauna ba. Ta shiga falo, ta miƙa sandarta ta zaro gurmin daga ƙusa, ta fito ta ajiye masa a cinya ba tare da ta dube shi ba.

Ta ce, "An warware."

Ya riƙe gurmin. Ni kuwa jinina bai sauka ba tukuna. Na ce, "To yanzu kam sai ka kama sunansa. Ka yi masa zambon da jikokinsa za su ji a tasi."

Kafin ya buɗe baki Inna ta ce, "A'a. Waƙa ya aiko saya. Zambo ma waƙa ce, sunansa zai shiga bakin yara, ya daɗe bayan ya mutu. Kada ka ba shi ko wannan." A nan kam ta fi mu sanin sana'ar.

Ranar Sallah muka yanka ɗan ragonmu kamar kullum, Maman 'yan biyu ta zo ta taya ni suya. Zakaran kuwa Inna ta hana a taɓa shi, tsufa ne ya kashe shi daga baya. Washegarin Sallah da yamma aka yi wasan a wani fili a Kuje, mutanen tsohuwar unguwarmu suka zo daga duk inda rusau ta watsa su. Inna ba ta taɓa zuwa wasansa ba, kunyar ɗan fari ba ta bari, amma ranar ta ce in kai ta, muka zauna can baya cikin mata. Ya yi waƙar katafila, fili ya ɗauki amshi har ba a jin 'yan amshin. Can kusa da ƙarshe sai ya sako wani sabon baiti da ban taɓa ji ba, a kan wata tsohuwa da ta dasa zogale a bayan ɗaki, ta dawo ta tarar da janareta, ta shimfiɗa tabarma ta ce ba sauri take ba. Matan da ke gabanmu suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya suna kallonmu. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Muka kamo hanyar gida har muka kusa ƙofa. Sai ta ce, "'Yar nan, ni ma bai kama sunana ba."

Na ce, "Ai ba ya kamawa, Inna."

Ta ce, "Na sani." Ta taka kaɗan da sandarta, sannan ta ƙara da cewa, "Amma kowa ya san da wa ake."